HALIN ADADI 140,431,790, WANDA AKE RABA ARZIKIN NIJERIYA DA SHI

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2009 Gwamnatin Tarayya ta buga wani adadi a Gazet ɗinta a Abuja, wanda ya zama mudun da ake auna rabon kowace jiha da shi. Adadin shi ne 140,431,790, watau jimillar mutanen Nijeriya bisa ga ƙidayar da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar daga ran 21 zuwa ran 27 ga watan Maris na 2006. Daga ciki maza 71,345,488 ne, mata kuwa 69,086,302.

An sha jayayya a kan wannan adadi a majalisu da kotuna da shafukan jaridu. Wasu sun ce an yi aringizo, wasu sun ce an tauye su. Amma ba safai ake tsayawa a dubi adadin shi kansa ba, a tambaya wane iri ne, da me aka gina shi, gida nawa yake rabuwa, gida nawa kuma yake ƙi. Ga masana lissafi kowane adadi yana da halinsa da danginsa, kamar yadda ɗan Adam yake da su. Kuma saɓanin gardamar 'yan siyasa, wannan hali abu ne da duk mai fensir da takarda da haƙuri zai iya tabbatarwa da kansa.

YAYA GIRMANSA YAKE?

Da baki ana karanta shi haka: miliyan ɗari da arba'in, da dubu ɗari huɗu da talatin da ɗaya, da ɗari bakwai da casa'in. Faɗinsa ba wuya, tunaninsa ne aiki. In da mutum zai zauna ya riƙa ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya shafe kwana 1,625 da wani abu, watau shekara huɗu da wata biyar, kafin ya kai ƙarshe.

Kada a ɗauka manyan adadi baƙi ne a ƙasar Hausa. A zamanin kuɗin wuri akwai maƙirga a kasuwanni irin su Kurmi ta Kano, waɗanda sana'arsu ke nan. Sukan ja wuri biyar-biyar da yatsu, biyar huɗu hauya ɗaya, watau ashirin, hauya biyar zangu ɗaya, watau ɗari, har a cika keso, wanda ke cin wuri 20,000. In da kowane ɗan Nijeriya da aka ƙidaya a 2006 wuri ɗaya ne, da an ɗaure keso 7,021, a bar wuri 11,790 a kan tabarma. Wannan abin da ya rage a kan tabarma shi ake kira ragowa, kuma mai karatu ya riƙe shi a zuciya, domin a kansa yawancin maganar take.

CIKA KO MARA

Tambayar farko da ake yi wa kowane adadi ita ce wadda yara ke yi wa juna da tsakuwa a dunƙule a hannu: cika ko mara? Malamai su ce shafa'i ko wutiri. Alƙalamin ƙarshe kaɗai ke ba da amsa. Tun da 140,431,790 ya ƙare da sifiri, cika ne, yana rabuwa biyu daidai, kowane gefe 70,215,895. Sifirin nan kuma ya nuna yana rabuwa biyar, yana rabuwa goma. Huɗu fa? Sai a dubi alƙaluma biyu na ƙarshe, watau 90. Huɗu ba ta raba 90, saboda haka ba ta raba uban adadin.

Uku da tara suna da tasu alamar. A tara alƙaluman duka: 1 da 4 da 0 da 4 da 3 da 1 da 7 da 9 da 0, sun ba da 29. A sake tara 2 da 9, a sami 11, a tara 1 da 1, a sami 2. Wannan 2 ita ce ragowar da za a samu in an raba adadin gida tara, ita ce kuma ragowarsa in an raba shi gida uku. Ashe ke nan ba za a iya kasa mutanen ƙidayar 2006 kashi uku daidai ba, sai mutum biyu sun rasa gida.

Wannan dabara ba wasa ba ce kawai. Malaman hisabi na dā suna kiranta mizani, kuma da ita suke binciken lissafinsu tun ba a san na'ura ba. Alal misali, a gwada ta a kan alƙaluman Gazet. Na maza, 71,345,488, in an tara su sun ba da 40, watau 4. Na mata, 69,086,302, sun ba da 34, watau 7. Huɗu da bakwai sha ɗaya, watau 2. Ga shi kuwa mizanin jimilla ma 2 ne. Tarawar ta yi daidai ke nan a kan wannan ma'auni. Sai dai mizani yana da makanta guda: in magatakarda ya juya alƙaluma biyu, ya rubuta 97 maimakon 79, ba zai kama shi ba, domin jimillar alƙaluman ba ta canja ba.

TUBALAN DA AKA GINA SHI DA SU

Akwai wasu adadi waɗanda babu mai raba su ba ragowa sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23. Larabawa suna ce wa irinsu awwal, watau na fari. A nan za a kira su gagara-rabo. Duk wani adadi da ba ya cikinsu, to, ginanne ne, an same shi ta hanyar ninka gagara-rabo da juna, kamar yadda ake ɗora tubali bisa tubali a yi soro. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne kowane adadi tubalansa iri ɗaya ne tak, ko wa ya rushe shi, ko ta ina ya fara. Tushen wannan ilmi yana cikin littafin Yuklid, wanda ya koyar a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihissalam. Shi ne kuma ya kafa hujjar cewa gagara-rabo ba su da iyaka, kome girman wanda aka samu akwai wanda ya fi shi.

To, bari a rushe 140,431,790 a gani. An riga an san 2 da 5 suna ciki. In an cire su sai a sami 14,043,179. Daga nan sai gwaji ɗaya bayan ɗaya. Bakwai ta bar ragowar 3. Sha ɗaya ta ƙi, sha uku ta bar 7, sha bakwai ta bar 6, sha tara ta bar 13. Sai a kan 23 ƙofa ta buɗe: 23 sau 610,573 ya ba da 14,043,179 cif.

A nan ne mai gajen haƙuri zai ajiye fensir. Daga 29 har zuwa 151 akwai gagara-rabo 27, kuma kowannensu in an gwada shi a kan 610,573 sai ya bar ragowa. Wasu ma kamar da gangan: 41 ya bar 1, haka 73 ya bar 1, 67 ya bar 2. Sai an kai 157 sa'an nan a dace, domin 157 sau 3,889 shi ne 610,573.

Saura 3,889. Shin shi ma ginanne ne? A nan akwai sauƙi. Ba a bukatar a gwada duk adadin da ke ƙasa da shi, domin in adadi biyu suka ninka juna suka ba da shi, lalle ɗayansu bai kai 63 ba, tun da 63 sau 63 ya riga ya wuce shi, ya kai 3,969. Gagara-rabo da ke ƙasa da 63 guda 18 ne, kuma babu ko ɗaya da ya raba shi. Saboda haka 3,889 tubali ne, ba gini ba. Ga asalin adadin ke nan:

140,431,790 = 2 × 5 × 23 × 157 × 3,889

Tubala biyar, babu wanda ya maimaitu. Daga wannan layi ɗaya sauran halayensa suke fitowa. Duk mai raba shi, dole a haɗa shi daga waɗannan biyar, kowane tubali ko a ɗauka ko a bari. Zaɓi biyu sau biyar, watau 2 × 2 × 2 × 2 × 2, ya ba da 32. Adadi 32 ke nan kaɗai a duniya ke raba shi ba ragowa, daga 1 har shi kansa. Ana iya jera mutanen a sahu 23, kowane sahu mutum 6,105,730, ko a sahu 157 na mutum 894,470, ko a sahu 3,889 na mutum 36,110. Amma ba za a iya tsayar da su a fili murabba'i ba, mai tsawo daidai da faɗi, domin 11,850 sau 11,850 bai kai ba, ya tsaya a 140,422,500, shi kuwa 11,851 sau 11,851 ya zarce, ya kai 140,446,201.

ABIN DA MALAMAN GADO SUKA DAƊE DA SANI

Wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanci rabon gado zai ga ba baƙon abu ake faɗi ba. A ilmin fara'idi, in an haɗa adadi biyu, ɗayan hali huɗu ne ke tsakaninsu. Ko su zama iri ɗaya, kamar 3 da 3, shi ne tamasuli. Ko ƙarami ya shige cikin babba, kamar 3 da 6, shi ne tadahuli. Ko wani adadi na uku ya raba su duka, kamar yadda 2 ke raba 6 da 8, shi ne tawafuƙi. Ko kuwa su rasa abin da ya haɗa su sai ɗaya, kamar 3 da 8, shi ne tabayuni. Da wannan ne alƙali ke fitar da asalin mas'ala. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya: mata tana da sumuni, ɗaya bisa takwas, uwa tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Takwas da shida sun dace a rabi, sai a ninka rabin ɗaya da ɗayan, a sami 24, a kasa dukiya gida 24, mata ta ɗauki 3, uwa 4. Abin da ake koya wa ɗaliban jami'a da sunan nazarin adadi, ƙofar shigarsa ke nan, ba ƙari ba ragi.

In an auna 140,431,790 da wannan ma'auni, tsakaninsa da 23 tadahuli ne. Tsakaninsa da 360, yawan kujerun Majalisar Wakilai, tawafuƙi ne, goma ta haɗa su. Tsakaninsa da 774, yawan ƙananan hukumomi, tawafuƙi ne a rabi kawai. Tsakaninsa da 109 kuwa, yawan 'yan Majalisar Dattawa, tabayuni ne, domin 109 gagara-rabo ne kuma ba ya cikin tubalan nan biyar.

Ƙasar Hausa ta ma fitar da gwani a wannan fanni wanda sunansa ya kai Gabas. Shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatanin Katsina, wanda Larabawa suka sani da Alkashinawi. Ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira, kuma wajen shekarar 1732 ya rubuta littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan ilmin haruffa da hatimi. Hatimi, in an ajiye maganar asiri gefe, lissafi ne tsantsa: a jera 1 zuwa 9 a gida tara, 5 a tsakiya, yadda ko ta ina aka tara, tsaye ko kwance ko karkace, 15 za a samu. Alkashinawi ya bayyana ƙa'idojin cika hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, uku ko biyar ko bakwai, har abin da ya yi sama. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Akwai kuma wani tsohon rabo da malaman Girka suka fara, na Bagadaza suka gada. A ɗauki adadi, a tara duk masu raba shi ban da shi kansa. In jimillar ta yi daidai da shi, kamili ne: 6 ke nan, domin 1 da 2 da 3 shida ne, haka 28, da 496, da 8,128. In ta fi shi, mai rara ne, kamar 12, wanda masu raba shi suka tara 16. In ta kasa, mai gibi ne. Har akwai masoya, 220 da 284, waɗanda masu raba kowannensu ke tara ɗayan. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 901, ya fitar da ƙa'idar nemo irinsu, Ibn Haldun kuma ya ambaci yadda masu ɗalasimai ke aiki da su don haɗa soyayya.

A wannan rabo 140,431,790 mai gibi ne. Masu raba shi 31, in an tara su, 125,084,050 suke bayarwa, sun kasa shi da fiye da miliyan goma sha biyar. Adadi ne marowaci wajen rabuwa. A kwatanta shi da 360, ɗan ƙanƙane, wanda ke da masu raba shi har 24. Dattawan da suka yi ciniki kafin ran 1 ga watan Janairu na 1973 sun san daɗin adadi mai rara ko ba su san sunansa ba. Sule kwabo 12 ne, ya rabu biyu ya ba da sisi, ya rabu huɗu ya ba da taro, ya rabu uku, ya rabu shida. Fam kwabo 240 ne, mai masu raba shi 20. Naira mai kwabo 100 tana da 9 kacal, shi ya sa mutum uku ba su taɓa raba naira ɗaya sun tashi ba saura ba.

Sai dai a yi hattara. Duk waɗannan halaye na adadin ne, ba na mutanen ba. Da ma'aikacin ƙidaya ya shiga wani gida a Kwali ya tarar an haihu da asuba, ya ƙara jariri ɗaya, da jimilla ta zama 140,431,791, wanda mara ne, ba ya rabuwa biyu ko biyar, amma yana rabuwa uku, kowane kashi 46,810,597. Mutum ɗaya ya rushe ginin duka. Ballantana ma adadin wucin gadi da aka fara sanarwa a watan Disamba na 2006 shi ne 140,003,542, kafin a ƙara mutum 428,248 a na ƙarshe. Saboda haka duk wanda ya zo yana duba makomar ƙasa a cikin 23 ko 157, ko yana cewa gibin adadin alamar talauci ce, ya dai nemi abin cefane ne.

NA ABUJA TUBALI BIYU NE

A cikin wannan Gazet an ba Babban Birnin Tarayya mutum 1,406,239, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasa baki ɗaya. Wannan adadi ya fi na ƙasa taurin kai. Mara ne. Uku, biyar, bakwai, har zuwa 23, duk sun ƙi shi. Sai 29 ta raba shi, ta bar 48,491. Shi kuwa wannan, in an bi shi da gwaji har 211, babu mai raba shi. Watau 1,406,239 = 29 × 48,491, tubali biyu kawai.

Adadi mai tubali biyu yana da daraja ta musamman a wannan zamani. Ninka 29 da 48,491 aikin minti ɗaya ne ga ɗan firamare. Amma a ba mutum jimillar a ce ya nemo tubalan, sai ya yi gumi. Hawa da wuya, gangara da sauƙi. A shekarar 1977 wasu masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka mai da wannan bambanci ya zama kwaɗo da mabuɗi. Adadin da aka ninka shi ne kwaɗon, kowa na iya ganinsa, tubalan biyu su ne mabuɗin, mai shi kaɗai ya san su. Wannan hanya tana daga cikin waɗanda ake kulle saƙonnin banki da na intanet da su, sai dai adadin da ake amfani da shi yakan kai alƙaluma 617. A watan Fabrairu na 2020 wasu masana sun yi nasarar rushe wani mai alƙaluma 250, bayan aikin da aka ƙiyasta zai ci kan kwamfuta ɗaya shekara wajen 2,700. Ɗan kasuwar Wuse da ke tura kuɗi ta waya bai san yana jingine da gagara-rabo ba, amma da su yake jingine.

Farautar manyansu kuwa ba ta tsaya ba. A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano gagara-rabo mai alƙaluma 41,024,320, wanda ake samu in an ninka 2 da kanta sau 136,279,841 aka ɗebe ɗaya. A nan gida, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da aka kafa a 1988, wadda ke Sheda a yankin Kwali kan hanyar Lokoja, ita aka ɗora wa nauyin horar da masu irin wannan ilmi.

INDA RAGOWA TA ZAMA SIYASA

Me ya sa ake faɗa a kan adadin? Domin kuɗi da kujeru. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa yawan jama'a cikin abubuwan da za a duba wajen rabon Asusun Tarayya, kuma a tsarin da aka daɗe ana bi, kashi 30 cikin 100 na abin da jihohi ke rabawa tsakaninsu bisa yawan jama'a ake yinsa, kashi 40 kuma daidai wa daida. Sashe na 49 ya ce a kasa ƙasa mazaɓu 360 masu yawan jama'a kusan ɗaya gwargwadon iko, da sharaɗin kada mazaɓa ta ratsa jiha biyu.

A raba 140,431,790 gida 360, kowace kujera ta sami mutum 390,088, a bar ragowar 110. Wannan ragowa ba ta da wani nauyi. Matsalar tana wajen sharaɗin nan na iyakar jiha, domin kujera ba ta gutsuruwa, kowace jiha dole a ba ta cikakken adadi, ragowarta kuwa ko a yafe mata ko a cika mata. Jihar Kano mai mutum 9,401,288 tana da kujera 24, watau kowace kujera mutum 391,720. Legas mai 9,113,605 ita ma 24, kowace 379,733. Bayelsa mai 1,704,515 tana da 5, kowace 340,903. Babban Birnin Tarayya kuwa kujera 2 gare shi, ɗaya ta Birni da Bwari, ɗaya ta Abaji da Gwagwalada da Kuje da Kwali. A matsakaici kowane wakili yana ɗauke da mutum 703,119, da saura mutum ɗaya da ba a san na wa ba ne. Bisa ma'aunin ƙasa, kujera uku ko huɗu suka cancanci Abuja. Wannan ba zargi ba ne, ba kuma ya bukatar a ƙaryata ƙidaya. Alƙaluman gwamnati da kansu suka faɗa: a matsakaici, muryar mutumin Abuja a Majalisar Wakilai ba ta kai rabin ta mutumin Bayelsa ba. Sashe na 73 ya tanadi a sake duba mazaɓu bayan shekara goma ko bayan ƙidaya, amma rabon kujeru tsakanin jihohi bai motsa ba daga zaɓen 1999 har na 2023.

Lissafi yana iya kama wani abu kuma, watau son sifiri da biyar. In an tambayi mutanen da ba su da takardar haihuwa shekarunsu, da yawa sukan ce talatin ko arba'in ko arba'in da biyar, da wuya a ji talatin da tara. Wani Ba'amurke mai suna Whipple ya ƙago ma'aunin wannan. Ana ɗaukar masu shekara 23 zuwa 62, a ga nawa ne shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5. In babu son kai, ɗaya cikin biyar ne za su zama haka, ma'auni ya nuna 100. In kowa da kowa ya faɗi haka, ya nuna 500. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar abin da ya wuce 175 a matsayin alƙaluma masu rauni ƙwarai. Wani nazari da malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka buga a 2013 ya sami ƙidayar 1991 da ta 2006 duka sun zarce 200. Wannan bai nuna an yi maguɗi ba. Ya dai nuna mai tsara makarantu ko asibitoci bisa rukunin shekaru yana gini ne a kan ƙasa mai laushi.

Abin da lissafi ba zai iya ba shi ne ya yanke hukunci tsakanin Kano da Legas. Mizani yana tabbatar da an tara daidai, ba ya tabbatar da an ƙirga daidai. Adadin ƙarya ma yana da tubalansa, yana rushewa tsaf kamar na gaskiya. Gwamnatin Legas ta wancan lokaci ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17, kuma a 2013 kotun ƙidaya ta soke sakamakon ƙananan hukumomi 14 na jihar. Ba sabon abu ba ne. An soke ƙidayar 1962, aka sake a 1963 aka sami miliyan 55.6 cikin gardama. Ta 1973, mai kusan miliyan 80, Janar Murtala Muhammed ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da 88,992,220.

Daɗin daɗawa, adadin ya tsufa. Hukumar Ƙidaya ta ƙiyasta jama'a na ƙaruwa da kashi 3.2 cikin 100 kowace shekara, wanda ke nufin ninkuwa cikin shekara wajen 22. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa Nijeriya sama da miliyan 220 a 2023. Abuja ta fi ko'ina gudu: a ƙidayar watan Nuwamba na 1991, ana saura 'yan kwanaki gwamnati ta taso daga Legas ran 12 ga watan Disamba, mutanen yankin ba su kai 400,000 ba, cikin shekara goma sha biyar suka kusa ninkawa huɗu. An shirya sabuwar ƙidaya daga ran 3 zuwa ran 7 ga watan Mayu na 2023, amma a ƙarshen watan Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ɗage ta, a bar wa gwamnati mai zuwa ta sa rana. Yaran da aka ɗaure wa cibi a makon ƙidayar 2006 sun cika shekara 18, shekarun jefa ƙuri'a, a watan Maris na 2024, ba a sake ƙirga kowa ba.